Tambayar da Na Wanke

In ka tambayi mutanen unguwar Maamobi wace ce Mma Asana mai waakye, wato wake da shinkafa, kowa zai ba ka tasa amsar. Direbobin tirotiro, motocin hayarmu, za su ce ita ce matar da ta taɓa tsayawa a gaban mota a tsakiyar titi saboda kwandasta ya zagi wata 'yar dako, ba ta matsa ba sai da ya sauko ya ɗora wa yarinyar kayanta a ka. Matan kasuwa za su ce shitonta, miyar barkonon da take zubawa, yana da yaji, amma bakinta ya fi. Limamin layinmu kuwa, mutum mai sanyin hali, cewa yake yi, "Asana baiwar Allah ce mai gaskiya." Sai ya ƙara da, "Allah ya ba mijinta lada."

Ni ne mijin.

Sunana Mutala, kuma abin da ake faɗi a kaina bai kai nata tsawo ba. Ana cewa ina da sauraro. Ƙuruciyata duka na ƙarar da ita ina gadi a wani gida a Kanda, ni da rediyo, kuma rediyo ba ya jiran amsa. Da na auri Asana sai muka raba aikin gida ba tare da mun zauna shawara ba: ita magana, ni ji. Ko laifi na yi mata, ban taɓa buɗe baki na ba ta haƙuri ba. Sai dai ta wayi gari ta tarar na gyara bencin rumfarta, ta gane, ta zuba mini waakye da ƙwai. Bencin nan ya sha ƙusa har nauyinsa ya ninka.

Karatu ma ita ta kai ni. Furfura ta riga ta cinye mini gemu lokacin da ta ce ta gaji da kai wayarta wa 'ya'yan mutane su karanta mata saƙon 'yarmu Shamima, su san sirrin gidanmu kafin mu sani. Akwai wani ɗaki a jikin masallacin layinmu inda Malama Samiratu ke koyar da manyan mata karatu da rubutu bayan la'asar. Can ta ja ni. Ni kaɗai ne namiji a cikin masu sayar da koko, masu tuyar kifi da masu kitso. Suka sa mini suna Amaryar Aji. Na haƙura, na koyi haruffa, ranar da na rubuta sunana a allo suka yi mini guɗa har ladan ya leƙo.

To, wanda ya ɗanɗani karatu da tsufa sai an yi masa uzuri. Na zama mayen lacca. Unguwannin Nima da Maamobi ba sa rabuwa da manyan baƙi, malamai da farfesoshi daga Najeriya, daga Senegal, daga ƙasashen Turawa, wannan ya zo da dimokuraɗiyya, wancan da zakka, wani da tarbiyyar matasa. Duk inda aka kafa kanopi aka jera kujerun roba, za ka same ni tun kafin mai lasifika ya gama gwaji. Ina zama, ina gyaɗa kai. Akwai wani dakta da ya yi jawabinsa da Faransanci tsantsa, na yi ta gyaɗa kai har da ya gama ya sauko ya riƙe hannuna, ya yi mini wata doguwar magana. Na gyaɗa mata kai ita ma.

Yawan baƙin nan ne ya ci ajinmu. Alhaji Iddrisu, shugaban kwamitin masallaci, dillalin kayan mota mai tarin makullai a aljihu, ya ce abin kunya ne babban malami ya zo ba mu da inda zai kishingiɗa kafin lacca. Ya karɓi ɗakin "na ɗan lokaci". Aka fitar da bencunan aji, aka shimfiɗa kafet, aka sa kujerun kushin da na'urar sanyi. Allon kuwa fenti ne a jikin bango, ba ya ciruwa, sai aka rataya masa labule. A shekara baƙo nawa ne ke sauka a masallacinmu? Sauran lokaci ɗakin yana kulle, gizo-gizo yana shan kafet.

Ajin ya koma rumfar Asana, a bakin kwata. In an yi ruwa babu karatu. In ba a yi ruwa ba akwai wari, akwai ƙarar babura, akwai masu wucewa suna tsayawa kallon tsofaffi suna haɗa baƙi. Mata suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Sun aika wa kwamiti ba sau ɗaya ba, amsar ba ta canzawa: za a duba.

Ana nan sai labari ya zo cewa Farfesa Haliru zai zo daga Najeriya, zai yi magana a kan addini, siyasa da makomar Zongo, wato unguwanninmu. Alhaji Iddrisu ya aiko a kira ni. Na je ina tunanin kujeru za a ce in jera.

"Mutala," ya ce, "kai ne mai kawo tambayar mata bana. Tsohon da ke yi kunnensa ya tafi. An ce kai ba ka mantuwa, kuma ba ka da surutu. Za ka zauna a layin gaba."

Layin gaba! Ni da na saba da kujerar da ke kusa da janareta.

Ga yadda abin yake a wurinmu. A irin wannan taro mata suna zama a kanopin baya, ba sa riƙe makirfo. Mai tambaya takan faɗa wa namiji guda a kunne, shi kuma ya kai gaba, ya sa mata riga da hula, ya gaida manya, sannan ya faɗa. Aikin ba maimaitawa ba ne kawai, ana so ka goge wa magana ƙura kafin ta shiga kunnen baƙo. Tun ina yaro haka na gani.

Da na gaya wa Asana, tana tsaye kan tukunya, sai ta ajiye ludayi ta dube ni kamar yau ta fara ganina.

"Baban Shamima, Allah ya kawo mana ɗakinmu."

"Ta yaya?"

"Kai da ka sha lacca kamar koko ba ka sani ba? A Zongo an taɓa hana baƙo abin da ya roƙa a gaban jama'a? In Farfesan nan ya ji, ya buɗe baki ya ce a mayar, Iddrisu ko zai mutu sai ya ciro makulli. Abin da ya hana mu tun da, tsohon nan ne, kurma paa, in ka ce masa ɗaki sai ya kai addu'a. Yanzu ga nawa a gaba."

Nawa. Haka ta ce. Mun yi shekaru ban ji ta faɗi kalmar da irin wannan murya ba. Na gyaɗa kai.

Ranar Lahadi aka toshe layi da kanopi. Mata sun kwana suna aikin abinci, Asana ce kan waakyen baƙi. Na sa rigar Sallata, na zauna tsakanin wani ɗan majalisar unguwa da wani Alhaji mai ƙamshin turare, ina riƙe da ruwan roba da ban biya ba. Aka fito da Farfesa daga ɗakin, dogo ne siriri, da tabarau, fuskarsa a sake irin ta wanda ya sami barcin rana mai kyau.

Sai gaisuwa. Wanda bai san Zongo ba zai ɗauka lacca ake zuwa ji. Mai gabatarwa ya fara da sarakuna, na Hausawa, na Mossi, na Kotokoli, na Zabarma, na Wangara, na Dagomba, kowa da kirarinsa, kowa sai ya miƙe ya ɗaga sanda. Aka manta da wani wakili, mutanensa suka fara tattara takalma, aka koma baya aka gaishe shi sau biyu. Farfesa yana ta duban rana. Lokacin da makirfo ya kai hannunsa inuwa ta riga ta tsallaka titi.

Amma mutumin ya iya magana. Hausarsa irin ta rediyo ce, kowace kalma da gindinta, ba irin tamu ba da muke cusa mata Twi da Turanci kamar buhun gwanjo. Ya ce 'yan siyasa suna tunawa da Zongo ne lokacin zaɓe, kamar yadda ake tunawa da laima. Aka yi tafi. Ya ce addinin da bai share ƙofar gida ba bai gama alwala ba. Aka yi kabbara, har da waɗanda ke zuba shara a kwata. Sannan ya sauke murya ya ce, "Al'ummar da ta bar matanta cikin duhu, ta ɗaure ƙafarta guda ta shiga tsere. Neman ilimi wajibi ne a kan mace kamar yadda yake a kan namiji."

Alhaji Iddrisu ne ya fi kowa ɗaga murya wajen cewa, "Gaskiya ne!"

Da aka zo tambayoyi, na tashi na nufi kanopin baya. Mata suka buɗa mini hanya. Mma Awabu, aminiyar Asana mai tuyar kifi, ta ce, "Amaryar Aji, yau ranarka ce."

Asana ba ta iya raɗa ba, amma ta yi ƙoƙari. Ta kama hannun rigata ta ce, "Ka tambaye shi, ɗakin da ya yi barci yau, ya san ajin mata ne aka kore su? Ya ce karatu wajibi ne. Yoo, mun ji. A ina za mu yi wajibin, a bakin kwata? Haka za ka faɗa. Ka ji?"

"Na ji."

"Maimaita."

Na maimaita, ko wasali ban zubar ba. Ta saki rigata, ta gyara mini wuyanta da hannunta.

Tsakanin kanopin baya da na gaba ba nisa, amma a hanyar nan tambayar ta yi ta ƙara nauyi. Na ga sarakuna da sandunansu. Na ga Farfesa yana murmushi, baƙon da bai yi wa kowa laifi ba, in ce masa ya yi barci a kan hakkin mata? Na ga kujerata a layin gaba, ruwan robana yana jirana a kai. Alhaji Iddrisu ya taso da kansa ya miƙo mini makirfo, kafin ya saki ya matso da bakinsa.

"Na ga wadda ta ba ka. Mutala, ka san aikinka. Ka wanke ta kafin ka kawo."

Wanki kuwa sana'ata ce. Tun da na bar gadi, aikina a rumfar Asana shi ne wanke ganyen da ake zuba waakye, ɗaya bayan ɗaya, har ya yi sheƙi. Na yi sallama, na gaida sarakuna, na nemo Hausar rediyo da na tara a Kanda. Na fara cire kwata, don ba a kawo kwata gaban manya. Na cire barci, don kada baƙo ya ji kunya. Na cire kora, don kalma ce mai kaifi. Da na duba abin da ya rage a hannuna sai na ji bakina yana cewa:

"Allah ya gafarta Malam, iyayenmu mata suna miƙa gaisuwa da godiya. Sun ji daɗin bayaninka ƙwarai. Suna roƙon ka ƙara musu haske a kan muhimmancin ilimin mace, kuma ka sa su a addu'a."

"Madalla da wannan tambaya!" in ji Farfesa. "Wannan dattijo ya iya magana."

Ya iya magana. Ni. Wallahi sai da na ji daɗi, kuma wannan ne abin da ya fi ba ni kunya in na tuna. Daga kanopin baya na jiyo muryar Awabu, "Ba haka ta ce ba kuraa!" amma lasifika ta fi ta ƙarfi. Farfesa ya shiga ƙara haske. Ya kawo labarin matan da suka yi ilimi a zamanin da, ya yi addu'a, maza suka shafa. Na waiga sau ɗaya. Asana ta miƙe, ta yafa mayafinta, ta bi ta tsakanin kujeru ta fita. Ba ta yi ihu ba, ba ta nuna ni da yatsa ba. Da ta yi, da na san inda nake.

A gida na shirya kunnena kamar yadda na saba, na zauna inda take samuna in za ta yi faɗa. Ba ta zo ba. Ta yi sallarta, ta jiƙa wake da shinkafar gobe, ta wuce ni kamar turmi. Mutumin da aka sani da sauraro, ga shi zaune babu abin saurare. Sai a ranar na gane cewa shirun da nake taƙama da shi ba nawa ba ne, aron filin da muryarta ta bari ne.

Da asuba na ɗauki guduma na tafi rumfa. Na duba bencin sama da ƙasa, babu inda ke motsi. Na buga masa ƙusa biyu duk da haka. Da ta iso da tukwane ta dubi bencin, ta dubi gudumar, ta ɗaura zanin aiki. Na wanke ganye na jera. Layi ya fara, ma'aikata da 'yan makaranta, kowa da kwanonsa. Da na miƙa nawa ganyen sai ta ce, ba tare da ta ɗago ba:

"Malam, da taliya ko babu?"

Malam. Matar da ta san ba na cin taliya tun kafin a haifi Shamima.

Awabu tana gefe tana juya kifi. "A'a, ku matsa, gidan rediyon Alhaji Iddrisu ya iso. Baba Mutala, a ƙara mana haske mana. Kifin nan ma a sa shi a addu'a."

Masu layi suka yi dariya. Wani direba ya ce, "Chale, jiya ka yi Hausa paa, na ɗauka daga Kano aka kawo ka."

Malama Samiratu ta zo sayen na karin kumallo. Yarinya ce a kaina, sa'ar Shamima, amma ita ta riƙe hannuna na rubuta harafin farko. Ta gaishe ni da ladabi kamar kullum. Sannan ta ce wa Asana, a hankali, "Mma, ina ga mu dakata da ajin sai bayan damina. Jiya wasu sun ce mini ba za su dawo ba."

"Yoo," in ji Asana. Shi ke nan abin da ta ce. Ta zuba mata, ta ƙara mata shito.

Na zauna a kan bencina mai ƙusoshi, waakye da taliya a hannuna. Na ci taliyar.

Da hantsi aka yi taron sallama, don jirgin Farfesa na yamma ne. A ƙofar ɗakin baƙi aka yi, jama'a ba su kai na jiya ba, amma kwamiti ya cika, liman yana nan, da wasu daga cikin sarakuna, kuma ba a kwance lasifika ba tukuna. Mata suka kawo abincin rakiya, suka tsaya daga gefe da kwanuka. Asana tana cikinsu. Ta yi alkawarin waakyen baƙo, kuma ita ba ta wanke alkawari.

Aka ba Farfesa kyautar riga saƙar arewa, ya sa a kan tasa, aka ɗauki hoto. Sai Alhaji Iddrisu ya ce, "Yanzu dattijonmu mai iya magana zai yi godiya a madadin iyayenmu mata." Ya miƙo mini makirfo yana murmushi, wannan karon bai ma ga bukatar raɗa ba.

Na karɓa. Na buɗe baki in gaida sarakuna, sai na ga ƙofar ɗakin a buɗe, ga labulen can a bango. Na san abin da ke bayansa. Na san daidai inda na rubuta sunana, ƙasa-ƙasa ta hagu. Hausar rediyo ta gudu ta bar ni. 

"Farfesa," na ce. Lasifika ta yi ƙara, na matsar da ita. "Jiya an ba ni saƙo. Abin da na kawo maka ba shi ba ne."

Alhaji Iddrisu ya yi gyaran murya. "Mutala, godiya aka ce."

"Ina zuwa, Alhaji." Ban taɓa ce wa kowa ina zuwa ba a rayuwata. "Saƙon ga shi yadda aka ba ni. An ce in tambaye ka, ɗakin da ka yi barci, ka san ajin mata ne aka kore su? Ka ce karatu wajibi ne. Yoo, sun ji. A ina za su yi wajibin, a bakin kwata?"

Wurin ya yi tsit, har ana jin na'urar sanyi tana aiki a ɗakin da babu kowa. Wani sarki ya duƙar da kai yana duban sandarsa. Liman ya rufe ido, leɓensa yana motsi, ban sani ba ko addu'a yake yi ko dariya yake dannewa.

Farfesa ya cire tabarau. Ya juya ya shiga ɗakin, ya kama labulen ya ja. Allon yana nan, har da ragowar darasin ƙarshe da ba a goge ba, haruffa manya-manya a karkace. Ya tsaya yana kallo. Da ya fito, gefen sabuwar rigarsa ya kwashi farin alli.

"Jiya na ga garin alli a ƙasan labulen nan," ya ce. "Na ce a raina, bari in tambaya. Sai sanyi ya yi mini daɗi, na yi barci." Ya girgiza kai. "Na tashi daga nan na je na yi wa mutane wa'azin ilimin mata. Har tafi aka yi mini."

"Allah ya gafarta Malam, na ɗan lokaci ne," in ji Alhaji Iddrisu. "Kwamiti yana dubawa."

"Alhaji, tun da na sauka kuke ce mini nan gidana ne, in faɗi abin da nake so. Na ɗauka irin maganar da ake yi wa baƙo ce. Da gaske ne?"

Alhaji ya dubi sarakuna. Sarakuna suka dube shi. Babu wanda zai yarda a koma Najeriya a ce an roƙi mutanen Zongo abu a gaban jama'a sun hana.

"Da gaske ne mana," ya ce, muryarsa kamar an taka masa ƙafa.

"To ina roƙon makullin ɗakin nan. Baƙon da zai zo bayana ya kishingiɗa a masallaci, ba zai mutu ba."

Alhaji ya ciro tarin makullansa. Ya daɗe yana fama da zoben, farcensa yana zamewa, babu wanda ya taimaka masa. Da makullin ya fita sai ya ce, "Amma na'urar sanyi ba za a kunna ba. Kuma kafet ɗin a cire takalmi."

"Mu da muke karatu a bakin kwata," in ji Awabu daga gefe, "sanyi ne zai dame mu?"

Aka yi dariya, har da Alhajin, rabi-rabi. Farfesa ya karɓi makullin, ya dubi wajen mata, ya rasa wadda zai ba. Sai ya miƙo mini. Ai ni ne ɗan aike.

Na taka zuwa wurinsu, makulli a hannun dama, makirfo a hagu don na manta in mayar, wayarsa tana biyo ni a ƙasa. Mata suna guɗa, Awabu tana cewa, "Amaryar Aji ta dawo ɗakinta!" Na tsaya gaban Asana na miƙa mata. A raina na ce shi ke nan, wannan ya fi ƙusa, gobe akwai ƙwai.

Ba ta miƙo hannu ba.

"Wannan na Malama ne," ta ce. Samiratu ta matso ta karɓa da hannu biyu. Asana ba ta ɗauke ido daga kaina ba. "Nawa fa?"

Na gane. Na dubi ƙasa, na motsa leɓe, na faɗi abin a cikin gemuna.

"Ban ji ba."

Na ƙara faɗa, ɗan sama kaɗan, daidai kunnenta.

"Baban Shamima, jiya da ka mayar da ni mai roƙon addu'a, a kunne ka yi? Har masu wanki can unguwar Alajo sun ji ka."

Na dubi hannuna na hagu. Na waiga, ga Farfesa, ga liman, ga sarakuna, ga Alhaji Iddrisu yana mayar da makullansa aljihu, duk sun zuba mini ido, irin zaman da ni na saba yi wa wasu. Har akwai mai gyaɗa kai tun ban fara ba. Na ɗaga makirfo, na ji numfashina yana fita ta lasifikar da ke kan sandar wuta, yana bin layi har bakin titi.

"Asana," na ce, "kin ba ni magana, na ji tsoro, na canza ta. Ban kyauta ba. Don Allah ki yi haƙuri."